Karkatacciyar Kunya

"Maciji ne, Baba. Shi ya firgita shanun."

"Maciji," in ji Baba Mhofu, yana duban kunyar da Garikai ya ja da garma. Ta taho sak kamar an ɗaura zare, tana kaiwa rabi sai ta lanƙwashe a hankali ta nufi hanyar rijiya.

Sau shida tsohon yana cin gasar huɗa a garin Gutu. Bana gwiwa ta hana shi, shi ya sa ya ba Garikai shanunsa da garmarsa yana koya masa. Doka ɗaya ce: ka kafa ido a kan jan ƙyallen da ke ɗaure a sandar ƙarshen gona, kada ka dubi komai.

To, ranar ce Shorai, autar tsohon, ta dawo daga makarantar jinya, ta bi gefen gonar da bokiti da jan ɗankwali. Ido ya bi ta, hannu ya bi ido, shanu suka bi hannu.

"Ajiye garmar ka tafi," in ji tsohon.

Gonar a bakin titi take, kowa ya gani. Tonderai, wanda shi ma gasar yake nema, Shorai ma yake nema, ya ɗaga murya daga kan kekensa: "Garikai! Ayaba kake zana mana?"

Kwana huɗu Garikai bai fito ba, ko sadza, tuwon masararsu, ba ta wuce masa. Sai dai shi da Shorai sun fara saƙo, har an kai ga maganar zuciya. Ran na biyar ta rubuto:

"Mai karkatacciyar kunyata, na faɗa wa gwaggo, ta faɗa wa Baba. Ya ce mutumin da ya yi wa shanunsa ƙazafi ba zai sha ruwa a gidansa ba. Ni ce macijin, ko? Ban ji haushi ba. Ƙaryar ce ta ba ni kunya."

Ya karanta sau uku, ya rufe fuska da hula.

Da safe ya iske tsohon a gona. Ya tsuguna nesa, ya tafa hannu a hankali yadda ake gaida manya.

"Baba, babu maciji. Shanunka ba su da laifi. Shorai na kalla."

"Na sani. Sa in ya firgita, kunya karyewa take yi farat ɗaya. Taka kuwa tafiyar mace ta bi, har inda ta tsaya gyara bokiti na gani."

Garikai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Tsohon ya nuna wani tudu da sandarsa. "Can na yi tawa. Uwarta ce ta wuce. Amma ni ban ɗora wa shanu ba."

Shorai, da ta kawo musu kunun maheu a buta, ta durƙusa tana ɓoye dariya cikin ɗankwali.

"Ke kuma tashi. Daga yau har ranar gasa, bayan sandar nan za ki riƙa tsayawa, tunda idonsa ba ya jin magana." Ya juyo ga Garikai. "Kama garmarka, ɗana. Ka ci ko ka faɗi, ran Asabar ka turo manyanka. Na ba ka ita, Allah ya miƙe muku hanya."