Minti Huɗun da Jaridu Suka Yaba

A kujerar baya akwai jaridu uku, faifai ɗaya, da takardar likita mai cewa asma ce ta kashe wani tsoho ɗan wasan fim. 'Yarsa ce ta kawo su ofishin 'yan sanda da safe. Sufeto na tuƙi, tana gefensa, idonta a bushe.

Fim ne na ƙaramin jari: kyamarar haya, kwana tara, labarin wani maƙeri na zamanin da. Jaridun sun yi masa kaca-kaca. Ɗaya ta ce labarin ba kai ba gindi, wata ta ce haskensa kamar na kurkuku. Amma duk sun yaba minti huɗun ƙarshe, inda tsohon, wanda ya fito a maƙerin, ke shure-shuren mutuwa a gaban wuta.

"Baba bai iya wasa ba, Yallaɓai," in ji ta. "Shekara talatin yana fitowa a maigadi. Wannan ba wasa ba ne."

Suka fara da shagon telar da ta ɗinka kayan fim ɗin.

"Kafin a fara ɗauka nakan bi kowa da jaka," in ji telar. "Agogo, waya, tabarau. Zamanin da ai babu su."

"Maganin asmarsa na shaƙa fa?" in ji Sufeto.

"Yana kumbura aljihu. Darakta ya ce in karɓa."

"Jakar tana hannun wa?"

Ta zuba wa kekenta ido. "Darakta."

Daraktan ɗan ƙanwar mamacin ne. Ya manna yabon jaridun a bangon ofishinsa, ya yanke zagin.

"Kawu ya gama fitowarsa lafiya ƙalau, har muka tafa. A hanyar gida abin ya taso masa."

"Me ya sa kiɗa kawai ake ji a minti huɗun ƙarshe?"

"Salo ne, Yallaɓai. Ba kowa ke ganewa ba."

Sufeto bai gane ba, don haka ya nemo mai ɗaukar sauti. Shi na'urarsa daban take da kyamara, kuma ba ya goge komai. Aka kunna ta a kan teburin darakta.

Numfashi kamar ana jan zarto. Muryar tsoho: "Ɗana, jakar." Sai muryar darakta, a natse: "Kowa ya tsaya inda yake. Kar ka yanke. Matso kan fuskar."

Darakta ya kalli na'urar.

"Rana tana faɗuwa, washegari za a mayar da kyamara. Sau goma sha ɗaya muna ɗauka, Kawu yana mutuwa kamar mai yin miƙa. Da hayaƙin ya shaƙe shi sai na ce minti ɗaya kawai."

"Huɗu ne," in ji 'yar mamacin.

"Ƙanwata, wa ya san shi kafin nan? Ni na sa shi a jarida."

Wani kofur ya sa wa darakta ankwa, ya tura shi bayan mota. Darakta ya leƙo.

"Fim ɗin fa? Za a ci gaba da haska shi?"

Sufeto ya rufe ƙofar.

"Sau ɗaya. A gaban alƙali, ba kiɗa."