Kuben Yogya a Garin Solo

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Bang Dulah, ogan 'yan fashin, ya harba bindiga sau ɗaya sama. Ƙurar rufi ta zubo cikin kaskon ruwan kwakwa da lemun tsami. Tsakar rana ce, watan Sura na farkon shekarar Jawa, ranar da gidan basarake Ndoro Harjosumitro na garin Solo ke wanke wuƙaƙen gado. Ga wuƙaƙen nan, kiris, jere tsirara a kan tabarma, kubensu a gefe guda. Gidan da ke tutiyar kakanni tun zamanin daular Mataram, amma ƙofarsa ko sakata babu. Wai albarkar kiris ke tsaronsu!

Parjiyo ya gyara ƙyallen da ya rufe fuskarsa. Shi kaɗai ne ɗan Solo a cikinsu, ɗan mai sassaƙa kube, kuma in aka gane shi, tasa ta ƙare.

"Kai masani, wanne ne na gasken?" in ji Dulah, yana cusa masu zinariya a buhu.

"Duk wanda ya yi maka ƙyalli, Bang."

Bagidajen Jakarta! Ƙarfen jiya da aka sa wa rigar zinariya yake wawura. Parjiyo ya miƙa hannu can ƙarshen tabarma, ya ɗauki baƙa mai lanƙwasa. Hannun ya yi abin da ya saba tun yarinta: ya ɗaga ta zuwa goshi. Sannan ya zaro wani kube marar ado daga tsibin, ya zura ta. Ta shige cif.

Uwargidan Ndoro tana kwance, amma idonta ɗaya a buɗe yake.

"Gendut, ta da mota!" Dulah ya daka wa direbansu tsawa.

A cikin motar suka canza kaya: baƙar riga, zanen batik, hula. Dabarar Dulah ita ce su saje da 'yan biki.

Parjiyo ya ce, "Bikin uban wa? Ba a aure a watan Sura, Bang. Jerin gwanon unguwa za mu bi, mu ɓulle ta bayan kasuwa. Amma kowa sai da kiris a baya."

"To ɗaura min, dalla. Mai kyau!"

Dulah ya kashe wa Gendut ido ta madubi. Parjiyo ya gani. Ya san da maganar gadar kogin Bengawan, ya san shi za su jefa daga kanta. Ya lalubi buhun, ya zaɓo ƙaramin kube mai siririn baki da gajeriyar ƙota, ya soka wa Dulah a ɗamara.

"Ka fito basarake sak, Bang."

Can a ofishin 'yan sanda, Sufeto Wagiman yana kan shinkafar liwet lokacin da waya ta yi ƙara. Sai da ya suɗe ganyen ayaban tas, ya sha shayi, ya nemi hularsa. Irinsu ke tsaron gari.

Jerin gwano ya cika titi. Dulah na tafe yana hura hanci. Parjiyo ya ja baya a hankali.

Wata mai tallar jamu, maganin gargajiya, ce ta fara ƙyalƙyalewa.

"Yu Painem, zo ki ga! Rigar Solo, kuben garin Yogya!"

"Mas, daga wane daji? Kubenmu faffaɗa ne kamar kwalekwale. Wannan ɗan tsurut ɗin fa?"

"Ko aro ka yi a hanya?"

Wani dattijo ya sunkuya yana duba zinariyar. "Tsaya. Wannan ai tsarabar surukan Ndoro ce daga Yogya. Ina ka samo ta?"

Dulah ya kai hannu ƙugu wajen bindigarsa.

"Ɓarawo! Ɓarawo!"

Tau! Tau! Jama'a suka watse, suka sake haɗewa a kansa. Zanen ya harɗe masa ƙafa, ya kife. Gendut ya ruga wajen mota, daidai lokacin da Wagiman ya iso yana sakace. Harsashi ɗaya sufeton ya sakar masa. Gendut bai ko taɓa ƙofar ba.

Parjiyo bai waiwaya ba. Ya bi lungu, baƙar kiris a cikin rigarsa, yana dariya ƙasa-ƙasa. Jakin Jakarta, sufeton ciki, basaraken da bai san abin da ke gidansa ba. Duk ya fi su.

La'asar ta yi sanyi da ya kai gida ɗaukar jakarsa. Ya tura ƙofar shagon. Warin man goge itace. Mahaifinsa, Pak Kasmidi, yana zaune a ƙasa, hannuwa a ɗaure, leɓe a fashe. Wagiman ya hakimce a kujerar aikin tsohon. Uwargidan Ndoro tana tsaye a bakin taga.

"Ɗan fashi ba ya gaida kiris," ta ce. "Kuma a tsibin nan, wa zai san kubenta da kallo ɗaya in ba gidan da aka sassaƙa shi ba?"

"Tsohon ya ce shi ya yi fashin," in ji Wagiman yana hamma. "Ni ko wanne aka ba ni, daidai ne."

Da gaske yake. Da sai ya rufe tsohon, ya koma kan shinkafarsa.

"Pak..." Parjiyo ya kira mahaifinsa.

"Yi shiru, Le, ɗana."

Lungu na nan a bayansa, a buɗe. Parjiyo ya dubi leɓen. Ya zaro kiris daga rigarsa, ya ajiye a kan tebur, ya miƙa wa Wagiman hannuwansa.

Gendut na ɗakin gawa. Dulah ba zai ƙara taka ƙafar dama ba. Ndoro zai mayar da kayansa bayan ƙofar nan marar sakata. Shagon kuma babu basaraken da zai sake aiko masa da aiki.

Da aka kwance Pak Kasmidi, bai dubi ɗansa ba. Ya ɗauki kiris, ya kai goshi, ya shafa bakin kuben da babban yatsa.

"Ka karce shi da maɓallin ɗamararka," ya ce. "Haka na koya maka riƙo?"