Mu Uku, Babu Mai Iyo

"Mota za mu shiga, Dunja. Na gama magana."

Mama Zdenka ta dangwarar da takardar fita gari a kan teburin karin kumallo, har kofin Gwaggo Ljerka ya yi tangal-tangal. Jirgin ruwan shaƙatawar da suka kwana huɗu a cikinsa ya riga ya tsaya a tashar garin Šibenik, kuma ƙarfe biyar na yamma zai tashi, da kai ko ba kai.

Hanya biyu aka rubuta ga mai son ganin magangarar ruwan kogin Krka. Ko mota ta kai mutum can sama ya leƙo ruwan daga nesa, wannan ita aka ware wa tsofaffi da waɗanda ba su iya iyo ba, ko kuma a sauke shi a garin Skradin ya shiga kwalekwale mai inji har gindin ruwan.

"Mama, don Allah... minti ashirin da biyar ne kawai a cikin kwalekwalen."

"Babanki ko minti biyar bai yi ba."

Dunja tana da shekara goma sha huɗu mahaifinta Tihomir ya fita kamun kifi a kogin Drava, kwalekwalen ya kife, sai bayan kwana uku aka tsinci gawarsa. Tun daga ranar Mama ta raba gidanta da ruwa. Ba ta iya iyo ba, ba ta bar Dunja ta koya ba, ta kuma rantse a gaban dangi cewa 'yarta ba za ta auri mutumin da ke cin abinci a kan ruwa ba. Wannan jirgin ma sai da aka shekara ana lallashi kafin ta yarda, ta ce ai shi ba jirgi ba ne, unguwa ce guda, sannan ta zaɓi ɗakin da ba shi da taga.

To ga inda matsalar take. Vedran, wanda Dunja ta shekara uku tana so a ɓoye tun haɗuwarsu a bikin wata ƙawarta a Osijek, garin su Dunja, matuƙin kwalekwale ne a Skradin. Duk wannan tafiya domin Mama ta gan shi aka shirya ta. Shi kuwa ya gaji da zama saurayin waya. An ba shi aiki a jirgin ruwan dakon kaya na shekara biyu, gobe ne ranar ƙarshe ta sa hannu, kuma ya faɗa mata a fili cewa idan yau ma ba ta kawo Mama ba, zai sa hannu ya tafi.

Gwaggo Ljerka, ƙanwar marigayin, ita kaɗai ta san zancen. Ta ci gaba da shafa man shanu a burodi kamar ba da ita ake ba, amma ta ƙarƙashin tebur ta taka ƙafar Dunja.

Dunja ta ɗauki takardar ta nufi teburin masu shirya fita gari. Ma'aikaciyar ta tambaye ta mutum nawa ne ba su iya iyo ba a cikinsu, ta ce idan akwai ko ɗaya za ta so ta yi masa bayani da kanta kafin a rubuta shi a kwalekwale. Dunja ta san idan matar nan ta je wurin Mama, komai ya lalace. Sai ta sunkuyar da kai ta rubuta cewa su uku duk sun iya. Mutum idan so ya matse shi, wautar da zai yi ko yaro sai ya yi masa dariya.

Motocin biyu iri ɗaya ne, don haka Mama ba ta gane komai ba sai da aka buɗe ƙofa a Skradin, ta sauko ta ga kwalekwale a jere suna rangaji a bakin ruwa. Ta tsaya cak. Ta juyo ta dubi 'yarta.

"Me kika yi?"

Nan Dunja ta amayar da komai, tana kuka tana haɗiye kalmomi. Shekara uku, sunansa, sana'arsa, aikin da zai raba su gobe. Fasinjoji na ratsa su suna satar kallo. Gwaggo Ljerka ta sa baki ta ce yaron kirki ne, Mama ta watsa mata wani kallo da ya sa ta koma gyara jakarta.

"Wato ke da gwaggonki kun mayar da ni sakarya. Kin kawo ni bakin ruwa ki nuna min wanda za ki yi wa takaba."

"Mama, ina son sa... wallahi ina son sa. Ki gan shi kawai, ko ba ki ce komai ba."

Ba sai an nemo shi ba. Vedran ya riga ya iso da takardar fasinjoji a hannu, dogo, rana ta ƙona shi, ya sa farar rigar da da gani ka san guga ta musamman aka yi mata. Ya gaida Mama da ladabi, ba ta amsa ba. Ya dubi takardar, ya sake dubawa, sai murmushin ya ɓace.

"Wa ya cike wannan?"

"Ni ce," in ji Dunja a hankali.

"Kin rubuta duk kun iya iyo. Ke da bakinki kika ce min babu wanda ya iya a gidanku."

"Vedran, masoyina, ba ni da wata hanya..."

"Da wannan takardar nake sanin wanda zan zaunar kusa da ni, da wanda zan fara miƙa wa hannu idan wani abu ya faru. Da ɗan'uwana ne ke tuƙi yau, da a can gefe zai zaunar da mahaifiyarki. Da ranta kika yi ƙarya, Dunja, saboda ni?"

Bai ɗaga murya ba, amma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya juya ga Mama ya ba ta haƙuri, ya ce ba zai ɗauki mutumin da aka yaudaro ba, ko da kuwa hakan zai raba shi da 'yarta. Dunja ta ɓata da uwa, ta ɓata da masoyi, duk a safiya ɗaya, kuma da hannunta.

Motar da ta kawo su ba za ta koma ba sai ƙarfe huɗu. Vedran ya ce akwai hanyar ƙafa da ta bi gefen kogin har magangarar, kilomita huɗu, idan Mama na so zai raka su. Mama ta gyara ɗankwalinta ta kama hanya. Ya miƙa wa ɗan'uwansa makullin kwalekwalen ya bi bayanta.

Tafiya ce ta kurame. Gwaggo Ljerka kaɗai ke magana, ita ma da takalminta take faɗa. Dunja na baya tana share hawaye, tana ƙirga awannin da suka rage mata. Ta lura duk inda hanyar ta matso kusa da ruwa, Vedran kan koma ta ɓangaren kogin ya bar wa Mama ɓangaren tudu, ba tare da ya ce komai ba. Bai yabi kansa ba, bai roƙi komai ba.

Sun yi fiye da rabi kafin Mama ta buɗe baki, idonta na kan hanya.

"Shekara nawa kana wannan aiki?"

"Goma sha biyu, Mama."

"Mutum nawa ruwa ya ƙwace maka?"

"Ko ɗaya."

"Kana tsoronsa?"

"Kullum."

"Tihomir bai taɓa tsoronsa ba," ta ce, ba ta ƙara ba.

Tun kafin su ga ruwan suka ji ruguginsa. Da suka fito fili, ga shi yana zubowa hawa-hawa, fari tas, feshinsa na jiƙa fuska. Mama ta kama ƙarfen gadar katako da hannu biyu ta tsaya tana kallo, sai kafaɗunta suka fara girgiza. Shekara goma sha ɗaya Dunja ba ta ga kukan mahaifiyarta ba. Ta durƙusa a kan katakon ta rungume gwiwoyin Mama.

"Ki yafe min, Mama. Na haƙura da shi... na haƙura, ki dai yafe min."

Da ta faɗa ta ji kamar an zare mata rai, amma har zuciyarta ta faɗa. Vedran ya kau da kai ya zuba wa duwatsu ido.

Mama ta ɗago ta, ta goge mata fuska da bakin ɗankwali da ƙarfi, kamar tana yarinya. Ta ce ƙaryar da ta yi babba ce, kuma a gida za su yi maganarta.

Ƙarfe uku ta wuce, komawa da ƙafa ba zai yiwu ba. Vedran ya ciro waya ya ce zai kira wani abokinsa mai tasi ya ɗauke su ta hanyar sama. Mama ta dubi matsayar kwalekwalen da ke ƙasa, inda ɗan'uwansa ya sauke fasinjoji yana jira. Ta daɗe tana duba.

"Mayar da wayarka. Ƙafafuna sun kumbura, kuma ba na son warin tasi."

"Zdenka, kin san me kike faɗa kuwa?" in ji Gwaggo Ljerka.

"Ke dai ki ji da takalminki."

A bakin matsayar Vedran ya ɗauko rigar ceto ya sa mata da kansa, ya ja igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa mata hannu, ta damƙe shi har farcenta ya shiga fatarsa, amma ba ta ɗaga ƙafa ba tukuna.

"Aikin nan na gobe," ta ce. "Jirgin dakon kayan."

"Na'am, Mama."

"Ba za ka je ba. Ni na san zaman jiran namiji a bakin ruwa, 'yata ba za ta yi shi shekara biyu ba. Ka zo Osijek da iyayenka kafin hunturu."

Dunja ta toshe baki da hannu, kuka ya ƙwace mata.

Mama ta rintse ido, ta yi addu'a a ƙasa-ƙasa, ta taka cikin kwalekwalen.

"To, ɗana," ta ce, "ina ka ce kake zaunar da waɗanda ba su iya ba?"