Uwar Gardama da Fedar Ogan

A aji shida akwai wata yarinya da ake kira Uwar Gardama. Kai, sunan ya bi ta! Ka ce mata dama, ta ce hagu. Amma fa ta iya kiɗa, wannan kowa ya sani.

Shi ya sa malamin kiɗa ya zaɓe ta ta kaɗa ogan ranar ba da kyaututtuka. Ogan kamar fiyano yake, sai dai da lantarki yake aiki. Ƙaninta Auta kuma shi zai rera waƙa shi kaɗai. Muryarsa da daɗi, amma siririya ce, ga shi da kunyar tsiya. Sai da aka yi wata guda ana lallashinsa kafin ya yarda.

Malam ya nuna mata wasu 'yan sanduna guda tara a saman madannai.

Ya ce, "Waɗannan su ke gyara murya. Na hagu suna ba da murya mai kauri, na dama siririya mai kaifi. Wadda kika jawo, ita za ta fito. Wadda kika tura ciki, ta yi shiru. Don waƙar Auta, biyu kawai za ki jawo."

Sannan ya nuna ƙasa. "Dogayen katakan nan ƙafar hagu ke taka su, su ba da amo mai zurfi. Babbar fedar nan kuma ta ƙafar dama ce. Kin danna da yatsu, ƙara ta ƙaru. Kin danna da diddige, ta ragu."

"Malam, ni fa da hannu nake kiɗa, ba da ƙafa ba."

"Da kunne ake kiɗa, 'yata."

Ta turo baki. A ranta ta ce, sanduna tara aka saka, don me zan jawo biyu kawai?

Ranar gwaji Auta ya tsaya gaban 'yan aji yana murza gefen rigarsa. Uwar Gardama ta jawo sandunan nan duka tara. Ta taka feda har ƙasa. Wayyo! Gilasan taga suka ɗauki rawa, yara suka toshe kunne. Bakin Auta yana motsi, amma ko kalma ɗaya ba a ji ba. Wani ya ce, "Kamar kifi a ruwa!" Aji ya fashe da dariya. Auta ya ruga waje yana kuka.

Malam ya kashe ogan. "Me na gaya miki?"

"Ai ba laifina ba ne. Shi ne ba ya ɗaga murya!"

"To sauka daga kujerar. In Auta bai yi waƙa ba, ke ma babu kiɗa."

"In an ga dama a bar shi gaba ɗaya," ta ce ƙasa-ƙasa, ta fice tana buga ƙafa.

A gida Auta ya shige ɗaki, ya ce shi da waƙa har abada. Mamansu tela ce. Tana kan keken ɗinki ta saurari labarin duka. Can ta tashi.

"Zo ki ɗinke mini bakin ƙyallen nan."

"Wannan ai wasa ne," in ji Uwar Gardama. Ta hau, ta taka da dukan ƙarfinta. Keke ya ɗau gudu, ƙyalle ya cukurkuɗe, zare ya tsinke.

"Keken nan ba shi da kyau!"

"Shekara goma sha biyar nake ɗinki da shi," in ji Mama. "Ƙafarki ce ta san dannawa, ba ta san sassautawa ba. Ƙyalle mara kauri a hankali ake binsa. Yau kin tsinke zare, kin tsinke muryar ƙaninki."

Ta buɗe baki za ta yi gardama. Sai ta jiyo shesshekar Auta daga ɗaki. Ta fasa. Kunya ta kama ta sosai.

Ta je bakin ƙofa. "Auta, ka yi haƙuri."

"Yaya, za ki sake sa su yi mini dariya."

"Wallahi ba zan sake ba. Ka zo gobe, in ba a ji ka ba, kar ka ƙara yi mini magana."

Washegari ta ba Malam haƙuri. Kwana huɗu tana koyo lokacin hutun tara. Har takalmi take cirewa don ta ji feda da kyau. Gardamar ba ta tafi ba fa, sai dai yanzu da ƙafarta take yi. "Sai kin iya!" take ce mata.

Ranar biki zaure ya cika maƙil. Ta jawo sanduna biyu kacal masu taushin murya. Auta ya fara. Da ya ga taro, sai muryarsa ta soma rawa, tana neman ɓacewa.

Uwar Gardama ta ji. Ta ɗaga ƙafar hagu daga katakai. Ta danna feda da diddige, a hankali, a hankali, har kiɗan ya koma kamar raɗa. Sai ga muryar Auta ta fito fes, har layin baya. Ya ji kansa, ya ɗago kai, ya saki murya. A baitin ƙarshe ne ta jawo sauran sanduna, ta danna da yatsu, zaure ya ɗauka.

Tafi kam ba a magana. Mama har da share hawaye da gefen mayafi.

Malam ya ce, "Yau da me kika yi kiɗa?"

"Da kunne, Malam." Sai ta ƙara da cewa, "Amma ai da diddige ma."

Malam ya yi dariya ya ce wannan gardamar ya yarda da ita. Auta ya zo da gudu ya riƙe hannunta.

"Yaya, an ji ni?"

"Har bakin titi!"

Tun daga ranar ta gane cewa taurin kai yana cutar da na kusa da kai. Gwani ba shi ne wanda ya fi kowa ƙara ba. Gwani shi ne mai jin magana, mai rage tasa muryar don a ji ta wani.