Injin da Ba Ya Bisimilla

Ruwan gidan mai zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, tukunyar dafa ruwa ta yi farin ɓawo, fatar 'yar gidan, Auta, kuma kullum a tsage saboda susa. Shi ya sa maigidan, wanda direba ne a wani kamfani, ya ɗauko mai gyaran famfo ya dasa masa injin tace ruwa a bayan kicin. Ana zuba masa gishiri, shi kuma duk faɗuwar rana ya wanke cikinsa da kansa, ya turo ruwan gishirin ta wani siririn bututu zuwa wani tsohon rami a gindin katanga.

Maigidan ya yi ta cika baki, har maƙwabta yake kira su zo su ga kumfa.

Wata magariba, uwar tana kwashe shanya, Auta tana wanke kwanuka, injin ya fara gurnaninsa. Sai tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Wata ta biyo. Aka leƙa titi, babu kowa. Da suka dawo ciki suka tarar famfunan gidan duka a buɗe, wani siririn kuka yana fitowa daga cikinsu, kamar na jaririn da ya gaji da kuka.

Auta ta ajiye kwanon hannunta a hankali, ta tafi bakin ramin ta tsuguna. Daga ranar ba ta sake amsa sunanta ba.

Sun so su kai ta asibiti. Da an kawo ta bakin ƙofa sai ta sandare, ta yi nauyin da ƙarti suka kasa ɗagawa. Maigidan ya je zai kashe injin, hannunsa ya mutu har kafaɗa. Maƙwabtan da suka zo kallon kumfa duk suka ɗauke ƙafa. Gidan ya yi tsit, ba su iya fita da ita, ba su iya barinta. Tsoro ya ci uwar har ta daina kuka.

Ƙanen uwar ne ya kawo wani dattijon malami. Ya zauna a tabarma gaban yarinyar, ya daɗe yana karatu, inuwar katanga tana rarrafowa har ta rufe su. Can Auta ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi komai ba. Tun kafin a kafa gidan nan muke cikin ramin can. Ɗan Adam in zai zubar da ruwa yakan yi bisimilla, mu kwashe yaranmu. Wannan abin nasu ba ya magana. Jikana yana barci ya sheƙa masa gishiri a ido."

Maigidan ya ce, "Wallahi ban sani ba. Yau zan cire shi."

Tsohuwar ta yi dariya da bakin 'yarsa. "Ka cire? Mu ma mun ɗanɗana ruwan daɗi. Ka taɓa shi, na tafi da ita."

"To a karkatar da bututun," in ji malamin.

"Duk inda ya zuba a gidan nan akwai namu."

Malamin ya ɗaga muryar karatu har jikin yarinyar ya ɗauki ɓari. Ya ce ba a rama laifin ƙarfe a kan 'yar mutane, ta faɗi abin da zai yiwu. Aka yi ta ja, kamar masu cinikin akuya. Daga ƙarshe tsohuwar ta sauko: kullum kafin injin ya zubar, wani ɗan gidan ya tsaya a kansa ya yi bisimilla da ƙarfi. Ranar da aka yi fashi za ta dawo, kuma ba za ta sake yin ciniki da kowa ba.

Auta ta yi atishawa, ta faɗi a jikin uwarta, ta ce tana jin ƙishirwa.

Fatarta ta warke sumul, hannun maigidan ma ya dawo daidai. Amma tun daga nan iyalin ba su sake fita tare ba. Ko biki ko rasuwa, sai an bar mai jiran inji.

Wata rana uwar ta tafi jinyar mahaifiyarta, cunkoson motoci kuma ya riƙe maigidan har rana ta yi ja. Ya bar motar a gefen titi ya sheƙa da gudu. Tun daga ƙofa ya ji gurnanin injin. Ya tarar da Auta tsaye a bayan kicin, ta juya masa baya.

"Na yi, Baba," ta ce.

Ya dafa bango yana haki, yana sauraron muryar, ko ta 'yarsa ce.

"Sake faɗa," ya ce. "Sake faɗa in ji."