Izinin Sauka

Rugugin ya fara ne bayan sallar isha'i, irin na jirgin sama, sai dai daga ɗakin Ashiru yake fitowa. Kwana arba'in ke nan da binne Ashiru, kuma unguwar Ƙofar Jatau ta kwana uku babu wuta.

Mahaifinsa Malam Abdulhamid ya san wannan ƙara. Sau uku ɗan nasa yana neman makarantar tuƙin jirgi bai samu ba, sai ya koma tuƙa na kwamfuta. Yakan tsara hanya daga Kano zuwa Jidda, ya auna mai, ya duba iska, kuma ba ya sauka sai uban ya tsaya masa a matsayin mai ba jirage umarni ya ce, "An ba ka izini." Daren ƙarshe Malam ya dawo da zafin gorin da 'yan majalisar hirarsu suka yi masa kan ɗan, ya ce, "Yi ta shawagi, matuƙin ƙarya!" Da asuba aka tarar da Ashiru a kujera ya yi sanyi.

Yanzu Malam ya tura ƙofar. Warin kananzir irin na man jirgi ya buge shi. Kwamfutar a mace take, amma ga mutum zaune ya ba shi baya, ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba.

"Baba," in ji muryar, tana shaƙewa kamar tsohuwar rediyo, "mai ya kusa ƙarewa. In sauka?"

Malam ya buɗe baki, kalmomin nan huɗu suka maƙale a maƙogwaro.

Sai maƙwabciyarsa Hajiya Maijidda ta ɗaga murya ta bayan katanga: "Malam, wai wane jirgi ne yake ta zagaye gidanka ya kasa sauka?"