Robar Firji a Bakin Taga

Hitar da ke ɗumama ɗakin ta yi wata ƙara — tas! — ta mutu, daidai lokacin da Auta ke sauya wa jaririyarta kaya bayan magariba. Kwanan yarinyar tara a duniya, ga sanyi mai ratsa ƙashi, shaguna kuma duk sun rufe.

Mahaifiyar Auta, wadda ta zo taya ta zama, ta miƙe tsaye. Dama tun ranar ɗaurin aure ba ta huce ba. A ganinta 'yarta ta fi ƙarfin mai gyaran firji, ko da kuwa unguwa na kiransa Injiniya.

"A samo gawayi a hura a kasko, a rufe ƙofa da taga," in ji ta.

Injiniya ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Mama, ki gafarce ni. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta. Mutum na cikin barci take ɗauke shi. Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba! 'Ya'ya bakwai na raina, yau ni za a koya wa reno? Auta, haɗa kayanki! Gari na wayewa mu tafi, kuma ba ki ƙara dawowa gidan mutumin da sana'arsa ma sanyi ce!"

Auta ta bi mijinta kicin hawaye shaɓe-shaɓe. "Filis, ka bar ta ta hura ko kaɗan ne. Ka san Mama, in ta faɗa ta zauna."

"Sori, masoyiyata," ya ce yana share mata fuska. "Gara ta tafi da ku kuna numfashi."

Ya sauka shagonsa da ke ƙasan bene, ya dawo rungume da tarkace: robar bakin ƙofar tsofaffin firji da fallayen farin soso. Mama ta taɓe baki. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya bi gefen taga da bayan hannu yana neman inda iska ke shigowa, duk inda ya ji ta sai ya manna roba, ya rufe gilashin da soso. Ya janye gadon jaririya daga jikin bango. Ya cika kwalabe shida da ruwan zafi, ya naɗe su da tawul, ya jera a ƙarƙashin gadon, nesa da jikinta.

"Firji akwati ne da ba ya barin zafi ya shiga," ya raɗa wa Auta. "Yau kuma so nake kada ya fita."

Kai, wannan bawan Allah akwai haƙuri! Kwalba ba ta riƙe zafi fiye da awa guda, don haka duk awa sai ya shigo ya sauya su. Mama ta yi likimo kamar mai barci, tana kallonsa ta wutsiyar ido. A shigowa ta huɗu ne ta lura ba takalmi a ƙafarsa, don kada ya tashe su, kuma 'yar shat ce kawai a jikinsa. Rigar sanyinsa ce ya cusa a ƙasan ƙofa.

Da asuba ta taɓa wuyan jikarta, ta ji ɗumi, yarinyar na barcinta lafiya lau. Kunya ta rufe ta. Ta fita kicin ta same shi zaune a kan siminti, ya jingina da bango, gyangyaɗi ya kwashe shi, yatsunsa biyu sun tashi saboda ƙunar ruwa. Butar da yake dafa ruwan na tafasa a kan wuta.

Ta sauke ta da kanta. Ya farka a firgice. "Mama, bari in…"

"Tashi ka je ka kwanta, ɗana. Wannan zagayen nawa ne."

Auta na tsaye a bakin ƙofa. "Mama, kayan fa?"

"Wane kaya? Miƙo min tawul!"

To, 'yan mata, ku ji da kyau. Mai ƙaunarki na gaskiya zai yarda ya rasa ki a kan ya cutar da ke, zai kuma faɗi gaskiya a gaban manya ba tare da ya ɗaga murya ba. Irin wannan mijin, ko surukar da ta fi kowa taurin kai wata rana da hannunta za ta karɓar masa buta.